Ya buɗe ido bayan doguwar suma amma ba ya gane kowa: me ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa?

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 26 ya yi hatsarin babur, kansa ya bugu, aka yi masa tiyata aka cire jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kansa. Ya yi kwana 16 a doguwar suma, sannan ya buɗe ido. Yau mako 5 ke nan da hatsarin, yana buɗe ido yana rufewa, yana hamma, wani lokaci har hawaye yake yi, amma ba ya magana kuma ba ya nuna ya gane mu. Likita ya ce ya fita daga doguwar suma amma bai dawo hayyacinsa ba. Me wannan magana ke nufi? Yana jin mu? Akwai sauran fata?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Maganar da likitan ya faɗa muku daidai take, kuma babu karo tsakanin ɓangarorinta biyu, domin a wurin likitocin ƙwaƙwalwa buɗe ido daban, dawowa hayyaci daban. Abin da nake so ka fara riƙewa, ɗan'uwa, shi ne mako 5 bayan buguwar kai ya yi wuri ƙwarai a yanke hukunci, ko na murna ko na fid da rai, kuma irin kulawar da zai samu a watannin da ke tafe tana da hannu a inda lamarin zai tsaya.

Hayyacin ɗan Adam a kan abubuwa biyu yake tsaye. Na farko shi ne farkawa, wato mutum ya buɗe ido, ya yi barci ya tashi. Wannan aikin gindin ƙwaƙwalwa ne, can wajen ƙeya inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, inda kuma cibiyoyin numfashi suke. Tun a 1949 masana biyu, Giuseppe Moruzzi da Horace Magoun, suka nuna cewa akwai wata saƙar jijiyoyi a wannan wuri wadda ita ce ke tayar da sauran ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne sani, wato mutum ya san kansa, ya san inda yake, ya gane muryar mahaifiyarsa, ya fahimci abin da aka ce masa. Wannan kuma aikin manyan ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu na sama ne, tare da dogayen zaruruwan jijiya da ke haɗa sassansu. Lamarin ƙaninka ya yi kama da unguwar da aka gyara mata tiransifoma aka kawo wuta, amma wayoyin cikin gida sun tsittsinke, saboda haka ko dai ƙwai ɗaya ko biyu ne ke kamawa, ko kuma babu wanda ya kama tukuna. A hatsarin babur, musamman idan babu hular kwano, kai yana tsayawa farat ɗaya alhali ƙwaƙwalwa tana ci gaba da jujjuyawa a ciki, sai waɗannan zaruruwa su miƙe, wasu su katse. Likitan tiyata yana iya kwashe jinin da ya danne ƙwaƙwalwa, kuma hakan ceton rai ne, amma babu wuƙar da ke ɗinke zaruruwan nan; sau da yawa ma hoton siti-sikan ba ya nuna girman ɓarnarsu.

Doguwar suma ta ainihi ita ce halin da abubuwan biyu duka suka ɗauke: ido a rufe, babu barci babu farkawa, kuma ko an matse shi ba ya tashi. Da ma'aunin Gilasgo ake auna zurfinta, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Ana ba buɗe ido maki 1 zuwa 4, magana 1 zuwa 5, motsi 1 zuwa 6, jimla daga 3 zuwa 15, kuma wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka ana lissafa shi cikin masu mummunan rauni. Wannan ma'auni yana da amfani sosai a kwanakin farko, amma a matakin da ƙaninka ya kai yanzu bai cika faɗin wani abu ba. Doguwar suma ba ta cika wuce mako 2 zuwa 4 ba. Ko dai mutum ya rasu, ko ya farfaɗo, ko ya koma wani hali na tsaka-tsaki. Don haka idan ka ji labarai suna cewa wani ya shekara 10 ko 20 a doguwar suma, kamar yadda aka riƙa faɗi game da yariman Saudiyya Alwaleed bin Khalid, wanda ya yi hatsarin mota a Landan a 2005 ya rasu a 2025, to a ma'aunin likitoci galibin masu irin wannan doguwar jinya sun daɗe da barin wancan mataki.

Halin tsaka-tsaki na farko shi ne farkawa ba tare da amsawa ba, wanda Jennett da Fred Plum suka bayyana a 1972. Mai wannan hali yana barci yana tashi, yana numfashi da kansa, yana hamma, yana tauna, yana cizon haƙora, yana iya nishi, yana iya zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, kuma hawaye na iya zubo masa. Idan ka sa yatsanka a tafin hannunsa yana iya damƙewa tamau, amma wannan damƙa ce da jiki ke yi da kansa, irin wadda ake haifar jariri da ita, kuma ita ce ta fi yaudarar dangi. Duk waɗannan abubuwa gindin ƙwaƙwalwa da laka suna iya yin su ba tare da sani ba.

Hali na biyu shi ne na ƙanƙanin hayyaci, wanda Joseph Giacino da abokan aikinsa suka shimfiɗa sharuɗɗansa a 2002. A nan akwai alamar sani ta tabbas, sai dai tana zuwa tana ɓacewa. Majinyacin yana bin mutum da ido daga wannan gefen gado zuwa wancan, ko ya kai hannu daidai inda aka mintsine shi domin ya ture, ko ya kai hannu ga abin da aka miƙa masa, ko ya yi kuka idan ya ji muryar 'yarsa amma bai yi ba idan baƙo ya yi magana, ko kuma ya bi umarni mai sauƙi yau, gobe ya kasa. Ana cewa mutum ya fita daga wannan hali idan ya iya ba da amsar e ko a'a daidai a kai a kai, ko ya yi amfani da abubuwa biyu yadda ya kamata, misali ya kai kofi baki ya kai mataji kai.

Bambance waɗannan halaye biyu shi ne aiki mafi muhimmanci a yanzu, kuma shi ne inda aka fi yin kuskure. A 1996 Keith Andrews ya sake duba majinyata 40 da aka kawo wani asibitin Landan da sunan ba su da sani ko kaɗan, sai ya samu 17 daga cikinsu suna da shi. A 2009 wani bincike a Beljiyam ya sake samun kusan haka, kashi 41 cikin 100. Dalilan kuskuren a bayyane suke: wani raunin ya taɓa masa gani, wani ya taɓa masa ji, wani ya lalata masa sashen fahimtar harshe, wani kuma ya fahimta sarai amma gaɓoɓinsa sun shanye. Ga magungunan farfaɗiya da na rage zafi da ke sa barci, ga kuma shi kansa hayyacin da ke hawa yana sauka cikin yini guda. Likitan da ya tsaya minti 5 a zagayen safe yana iya riskar majinyaci a lokacin da ya fi kowane lokaci nauyi. Shi ya sa ake so a maimaita cikakken gwaji aƙalla sau 5 a ranaku daban-daban kafin a ce mutum ba shi da sani.

A nan ne ku masu jinya kuka fi mu dama, domin ku ne ke tare da shi dare da rana. Ku zaɓi lokacin da idonsa ya buɗe sosai, an ɗaga masa kai, ɗakin ya yi shiru, babu rediyo babu taron masu dubiya. Ka riƙe ƙaramin madubi a gaban fuskarsa, ka kira sunansa, sannan ka ja madubin a hankali zuwa dama, ka dawo, ka ja zuwa hagu, sama da ƙasa, kana kallon ƙwayar idonsa. An tabbatar cewa majinyata sun fi bin fuskarsu a madubi fiye da bin yatsa ko biro. Idan za ka ba shi umarni, kada ka ce ya matse hannunka, saboda waccan damƙar da na ambata. Ka ce ya sake hannun, ko ya kalli sama, ko ya fito da harshe, ko ya motsa babban yatsan ƙafa, ka faɗa sau ɗaya a sarari, ka jira daƙiƙa 10 zuwa 15 kafin ka maimaita, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana da jinkiri. A yi masa magana da harshen da ya tashi da shi. Na ɗauki gwada Bahaushe da umarnin Turanci a irin wannan hali a matsayin rashin adalci gare shi. Ku sami littafi ku riƙa rubuta rana da lokaci da abin da kuka gani, kuma idan ya yi wani abu sabo ku ɗauka a waya ku nuna wa likita. Abin da ake nema shi ne amsar da ta maimaitu, ba motsin da ya zo sau ɗaya bisa dace ba.

Sai tambayarka ta biyu, ko yana jin ku. Shekaru 20 da suka wuce da yawancin likitoci sun ce maka a'a kai tsaye. A 2006 wani masani, Adrian Owen, a Kambirij ta Ingila ya sa wata mata 'yar shekara 23, wadda hatsarin mota ya bari ba ta amsa komai, a cikin na'urar maganaɗisu mai nuna sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki. Ya ce mata ta raya a ranta tana buga ƙwallon tanis, sai sashen tsara motsi ya kama aiki. Ya ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidanta, sai sashen gane wurare ya kama, daidai da yadda ake gani a masu lafiya. A 2010 aka gwada majinyata 54 a Kambirij da Liyej ta Beljiyam, aka samu 5 da suka iya haka, ɗaya daga cikinsu har ya amsa tambayoyi ta hanyar mayar da tunani ɗaya e, ɗayan kuma a'a. Bincike mafi girma ya fito a 2024 daga cibiyoyi 6, inda cikin mutum 241 da ba sa nuna bin umarni a zahiri aka samu 60 da ƙwaƙwalwarsu ke bin umarnin, wato ɗaya cikin huɗu. A wannan binciken dai, cikin majinyata 112 da ke bin umarni a fili, 43 kaɗai na'urorin suka kama, wanda ke nuna cewa shirun na'ura ba hujja ba ce ta rashin sani.

Kada a fahimci wannan a matsayin cewa kowane majinyaci yana kwance yana sauraron komai. Mafi yawan waɗanda aka gwada ba su nuna hakan ba, kuma waɗannan gwaje-gwaje a cibiyoyi ƙalilan ake yin su a duniya. Amma ya isa ya sauya yadda ake zama a gefen gado. A yi masa sallama, a faɗa masa wanda ya shigo, a gaya masa kafin a juya shi ko a soka masa allura, a karanta masa abin da ya saba ji. Maganar kuɗin asibiti, da cewa wane ma haka ya yi ya rasu, da gardamar ko a mayar da shi gida, duk a fita da su waje. A kuma ɗauka yana jin zafi, a ba shi maganinsa kafin wankin ciwo. Akwai wani hali na daban da ya kamata likita ya tabbatar ba shi ba ne, wanda rauni a gaban gindin ƙwaƙwalwa ke jawowa, inda mutum ke cikin cikakken hayyacinsa amma duk jikinsa a shanye sai ƙifta ido da ɗaga shi sama da ƙasa. Shi ya sa umarnin kallon sama yake cikin abubuwan da ake fara gwadawa.

Game da fata kuwa, abubuwa uku ne suka fi nauyi, wato sanadin raunin, da shekarun majinyaci, da tsawon lokacin da ya ɗauka bai amsa ba, kuma biyu na farko suna gefen ƙaninka. Raunin buguwa ya fi raunin rashin iskar oksijin kyakkyawan ƙarshe nesa ba kusa ba, domin idan zuciya ta tsaya ko mutum ya nutse a ruwa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa ko'ina, alhali a buguwa da yawansu suna nan da rai, hanyoyin sadarwarsu ne suka lalace. Wani babban kwamitin likitoci a Amurka ya tattara alƙaluma a 1994, ya samu cewa cikin manya da ba sa amsawa wata ɗaya bayan buguwar kai, kashi 52 cikin 100 sun dawo hayyacinsu kafin shekara, kashi 33 sun rasu, kashi 15 suna nan yadda suke. Ga waɗanda ba buguwa ce sanadinsu ba, kashi 15 kaɗai suka dawo. A da ana cewa halin ya zama na dindindin bayan wata 12 ga mai buguwa, wata 3 ga wanda ba buguwa ba, amma a 2018 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta janye kalmar dindindin saboda an ga masu farfaɗowa bayan waɗannan wa'adodi, ta kuma gargaɗi likitoci da su daina gaya wa dangi cewa babu fata a cikin kwana 28 na farko.

Sai dai dole in faɗa maka ɗaya gefen, domin fatan da bai san iyakarsa ba yana karya iyali daga baya. Dawowa hayyaci ba ya nufin komawa yadda ake. Mutum ba ya tashi zaune ya nemi abinci. A hankali yake hawa, daga bin ido zuwa bin umarni, daga nan zuwa wani lokaci na ruɗewa da fizge-fizge da zage-zage, wanda ke tsorata dangi alhali alamar ci gaba ce. Da yawa suna saura da mantuwa, ko saurin fushi, ko raunin gaɓa, ko farfaɗiya, kuma gwargwadon daɗewar rashin amsawa gwargwadon nauyin nakasar da ke biyo baya. Terry Wallis na jihar Akansas a Amurka, wanda ya yi hatsari a 1984 ya fara magana a 2003, ana yawan kawo shi misali, amma shi yana cikin halin ƙanƙanin hayyaci ne duk tsawon shekarun, kuma ya ci gaba da buƙatar cikakkiyar kulawa har rasuwarsa a 2022. Wannan duka ba shi da alaƙa da mutuwar ƙwaƙwalwa, inda gindin ƙwaƙwalwar ma ya daina aiki, babu numfashi sai na na'ura, kuma babu mai dawowa daga gare ta. Wanda ke buɗe ido yana numfashi da kansa ba ya cikin wannan rukuni.

Maganin da ke da hujja mai ƙarfi guda ɗaya ne, amantadin. A 2012 aka gwada shi a kan majinyata 184 da ke tsakanin mako 4 zuwa 16 bayan buguwar kai, aka ga waɗanda suka sha sun fi saurin ci gaba a makonni 4 na shan sa. Ƙaninka yana cikin wannan tazara, saboda haka ya dace ka tambayi likitansa, wanda zai duba lafiyar ƙodarsa da batun farfaɗiya kafin ya rubuta. Akwai kuma zolfidem, maganin barci da aka fara ba da rahoto daga Afirka ta Kudu a 2000 cewa yana farkar da wasu na ɗan lokaci, amma kusan mutum ɗaya cikin 20 ne kawai yake yi wa haka. Allurai masu tsada da ake tallata su da sunan abincin ƙwaƙwalwa, a ganina kuɗinsu ya fi amfani a katifa mai kyau da abinci da mai gashi, wato ma'aikacin asibiti mai motsa gaɓoɓi. Magungunan sitiroyid ma, da aka daɗe ana bayarwa don kumburin ƙwaƙwalwa, wani gwaji na mutum fiye da 10,000 ya nuna a 2004 cewa ƙara mace-mace suke yi ga masu buguwar kai.

Abin da ya fi neman sabon magani muhimmanci shi ne neman abin da ke danne farfaɗowar. Ruwa yana iya taruwa a cikin kogunan ƙwaƙwalwa makonni bayan rauni, kuma sabon hoto ne ke nuna shi, tiyata kuma tana gyara shi. Akwai farfaɗiyar da ba ta jijjiga jiki, wadda sai an manna wayoyi a fatar kai an auna wutar ƙwaƙwalwa ake gane ta. Ƙarancin gishirin jini, da zazzaɓi, da ciwon fitsari, da magungunan sa barci da aka fara tun yana ɗakin kulawa ta musamman aka manta ba a tsayar ba, kowanne yana iya mayar da mai ƙanƙanin hayyaci ya zama kamar ba shi da komai. Idan an cire wani ɓangare na ƙoƙon kansa lokacin tiyata, mayar da shi kan lokaci yana taimaka wa wasu. Haka nan wasu majinyata sukan riƙa samun wani tashin jiki, zufa ta karyo, zuciya ta yi ta gudu, numfashi ya yi sama, gaɓoɓi su sanƙare, sannan ya lafa. Wannan daga raunin ne, ba shafar iska ba ce, kuma yana da magani.

A wannan mataki ba ƙwaƙwalwa ce ta fi kashe majinyata ba, huhu ne da fata. Mutumin da bai dawo hayyacinsa ba ba ya iya tsare hanyar numfashinsa, don haka duk abin da aka ɗura masa a baki, ko ruwa ne, ko kunu, ko zuma, ko zamzam, ko rubutu, yana iya gangarawa huhu ba tare da ya ko yi tari ba, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da nimoniya. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, kuma babu mai hana addu'a, amma duk abin da za a ba shi a nuna wa nas ya bi ta robar abinci, ko a shafa masa a jiki nesa da ciwon. A ɗaga kansa kamar digiri 30 lokacin ba shi abinci da bayansa, a riƙa goge masa baki da haƙora. A juya shi duk awa 2, dare da rana, ana duba ƙugu da gindin baya da dugadugai da ƙeya, domin gyambon kwanciya yana farawa ne da ɗan sauyin launi da tauri, ya zama rami cikin kwanaki. A riƙa miƙe masa kowace gaɓa ana lanƙwasawa kamar yadda mai gashi ya nuna, in ba haka ba ranar da zai farfaɗo zai tarar da hannu da ƙafa sun ƙage. Ku kuma raba kwanan jinya a tsakaninku, domin wannan aikin watanni ne, kuma mutum ɗaya ba zai iya juyi duk awa 2 shi kaɗai ba.

A zagaye na gaba ka tambayi likitan ko ya ga wata alamar ƙanƙanin hayyaci kuma sau nawa aka gwada, yaushe aka ɗauki hoton ƙarshe kuma ko akwai taruwar ruwa, waɗanne ne masu sa barci cikin magungunansa kuma ko za a iya rage su, sannan ko amantadin ya dace da shi. Idan ana maganar sallama, kada ku fita sai an koya wa mutum biyu daga cikinku ba da abinci ta roba, da tsotse majina idan an ɓula masa maƙogwaro, an kuma ba ku ranar dawowa domin a sake cikakken gwaji a wata na 3 da na 6 da na 12.